Takardar Gwajin Da Ta Fito Da Sunana

Shekara goma sha ɗaya na yi ina ɗinke gindin buhu a wani kamfani da ke Sharada, kuma shida daga cikinsu mu biyu ne muke amsa sunana. Wanda bai taɓa aikin kamfani ba zai ce wannan kuma wace irin magana ce. To, ga yadda abin yake. Kamfani ya daɗe da rufe ɗaukar sababbin ma'aikata. Wadda take da kati ita ce mutum, wadda ba ta da shi ko ta wuni a bakin get ba mai kallonta. Aikin kuwa awa goma sha biyu ne a kan benci, ƙafa a kan keken ɗinki, kwana shida a sati, kuma ba gadon bayan da zai jure wa wannan shekara da shekaru. Shi ne mata suka ƙirƙiro abin da muke kira rabin kati: ki samu wadda kika yarda da ita, ki yi kwana uku, ta yi kwana uku, da katinki, da sunanki. Hoton jikin katin ya koɗe tun ba yau ba, kowa kuma da hijabi da takunkumi saboda ƙurar leda, maigadi lamba kawai yake dubawa. Shugabar layinmu ta sani sarai, ita ma ƙanwar mijinta ce take riƙe mata Asabar. Ofis ne kaɗai ba su sani ba, kuma ranar da suka sani, da mai kati da 'yar rabinta duk waje.

'Yar rabina mutuniyar Nijar ce, daga wani ƙauye a ƙasar Damagaram. Gidan haya ɗaya muke a Zawaciki, ƙofar ɗakinta tana kallon tawa. Mijinta wankin fata yake yi a Challawa. Na ba ta kusan shekara takwas, don haka Yaya take ce mini. Ba ta da hayaniya, in za ta yi dariya ma sai ta rufe baki da gefen zane. Hannunta a keke kuwa ya fi nawa nesa ba kusa ba, ɗinkinta ba ya warwarewa, kuma duk yabon da aka yi wa sunana a kamfanin nan rabinsa da ɗoriya nata ne. Ban taɓa gode mata ba. A ganina ni na yi mata sutura, ni na ɗauko ta daga wankau na sa ta a inuwa.

Ni a lokacin bazawara ce, mijina ya rasu shekara uku. A layi cewa ake bakina ya fi allurar keke sauri, kuma ban musa ba. Akwai wani direba da yake lodi a Bompai yana nemana, har magana ta fara nisa.

Wata Alhamis, ranar aikinta, sai ga likitoci mata daga wani babban asibiti a cikin gari, da ɗalibansu. Suka kafa labule a ɗakin shan magani na kamfani, suka ce gwajin bakin mahaifa za su yi wa mata kyauta, kuma suna wani bincike a kan abin da za su ɗiba. Shugabar layi ta kora mata layi-layi, ta ce wadda ta ƙi ita za ta yi wa ofis bayanin dalili. 'Yar rabina ta shiga, aka tambaye ta suna, ta faɗi wanda take faɗa kullum. Da yamma ina tsintar wake a tsakar gida ta zo ta durƙusa kusa da ni, tana dariya cikin zane, ta ce, "Yaya, yau kam an duba ki, kunya kamar in nutse." Na ce, "Allah ya ƙara, gara ke da ni." Muka yi dariya, zancen ya wuce.

Bayan sati shida, ranar Litinin, ina kan keke, nas ɗin kamfani ta shigo layi. Ƙarar injina ba ta barin a ji magana, don haka ta ɗaga murya iya ƙarfinta ta kira sunana, da sunan ubana, ta ce sakamakona ya fito, ana nemana a asibiti da gaggawa. Kai jama'a! Kekuna suka riƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Na tashi ina jin idanu a bayana har ƙofa. A ɗakinta ta ce mini an ga wurin ya fara canjawa, bai zama sankara ba tukuna amma hanyar ke nan, kuma wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda ake samu ta saduwa da namiji. Sannan ta ƙara da cewa ofis sun ce in kawo takardar asibiti cikin wata ɗaya, in ba haka ba a riƙe katin. Na buɗe baki zan ce ba ni ba ce, na tuna inda nake, na rufe.

Matan layinmu sun san wadda ta shiga bayan labulen. Amma ƙanwar direban tana sashen yanka, can wani ginin, ita suna kawai ta ji. Kafin magariba labari ya riga ni isa Bompai. Ranar direban bai zo zance ba, washegari ma haka. Kwana na uku wata ta kawo mini abin da ake faɗa a gidansu: mace shekara uku ba miji, a ce ta kamu da ciwon da ake ɗauka wajen maza, ai ruwa ba ya tsami banza.

Na samu 'yar rabina tana wa 'yarta kitso a bakin ƙofa. Na kori yarinyar, na ja ta ɗaki. Abin da na faɗa mata ranar, ko kare ba zai ci ba. Na ce mijinta mai warin fata ya kwaso mata ƙazanta, ita kuma ta rasa inda za ta shafe sai a jikin sunana. Na ce na ba ta aron suna ta ci abinci, ta mayar mini da tsiya. Tana tsaye da matsefi a hannu har sai da na gaji don kaina.

Ta ce, "Yaya, mi ya hito?"

Na ce, "Ciwo ya fito. Sun ce a je asibiti."

Ta ce, "To sai in tahi."

Na ce, "Ki tafi da wane suna? Da nawa, su rubuta mini ciwo har abada, a kai wa ofis? Ko da naki da ba wanda ya san shi, su tambaye ki inda kika samo takardar? Ki zauna inda kike. Sunana ne, ni zan je in wanko abina."

Haka kuwa aka yi. Na je asibitin da takardar a hannu. Likitar da na samu matashiya ce mai tabarau, tana cikin waɗanda suka zo kamfani, amma mata nawa ta duba ranar da za ta tuna fuska? Ta zaunar da ni, ta tambaye ni aikin da nake yi, na gaya mata. Ta ce to ai abin zai zo mini da sauƙi. Ta ce in na gama ɗinke buhu, ba nakan bar ɗan jelar zare a ƙarshe don kada ɗinkin ya warware ba? Na ce haka ne. Ta ce kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum tana da irin wannan jelar a ƙarshen zaren da ke cikinta. Duk lokacin da ƙwayar ta rabu biyu sai jelar ta ragu, in ta ƙare ƙwayar ta tsufa ke nan, sai ta mutu wata ta maye gurbinta, kuma haka lafiya take. Amma akwai wani sinadari, ta kira shi telomeras, wanda aikinsa shi ne ƙara wa jelar tsawo. A mafi yawan jikin babba a kwance yake, ba ya aiki sosai. Ƙwayar cutar nan in ta daɗe a bakin mahaifa tana iya tayar da shi, sai lalatacciyar ƙwaya ta daina tsufa, ta yi ta haihuwar irinta ba tsayawa. Ta ce binciken da suke yi ke nan, suna duba yadda yake ƙaruwa daga farkon ciwo zuwa lokacin da ya zama sankara, kuma a abin da suka ɗiba a jikina sun same shi a farke, ga ƙwayoyin wurin sun canja sosai.

Sai ta dafa hannuna ta ce in kwantar da hankalina, na zo a kan kari. A wannan matakin ɗan wurin kawai za a ƙona ko a yanke, in koma gida a ranar da ƙafata. In aka bar shi ne yake cin shekaru yana aiki a ɓoye, ba zafi, ba alama, ranar da ya nuna kansa kuwa sau da yawa ya yi nisa.

Na rubuta wannan dalla-dalla ne don kada wani ya yi mini uzurin jahilci. Da Hausa ta yi mini bayani, da misalin sana'ata, kuma na gane tsaf.

Ta duba ni, ta sake ɗiba. Bayan sati uku na koma. Ta ajiye takardu biyu a gabanta, tsohuwa da sabuwa, tana duba wannan tana duba waccan. Ta ce ba ta ga komai a jikina ba, fes nake. Ta ce jiki yakan kori cutar da kansa, amma irin wannan canji a wata biyu ya ba ta mamaki. Ta cire tabarau ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, ki gaya mini gaskiya, ke ce aka ɗiba a kamfani? In wata ce, ba ruwana da ofishinku, ita nake nema."

Na ce, "Wallahi ni ce."

Rantsuwar ta fita da sauƙi kamar na ce ina kwana. Ta mayar da tabaraunta, ta ce to wataƙila an cakuɗa kwalabe, za su bincika, in dawo bayan wata shida. Ta rubuta mini takarda ta buga hatimi. Ban sake taka wurin ba.

Ranar Litinin na shiga layi ina kaɗa takardar sama. Na kai wa nas, na kai wa ofis, na taka har sashen yanka na manna wa ƙanwar direban a fuska na ce ta karanta in ta iya karatu, in ba ta iya ba ta kai wa uwarta. Mata suka yi guɗa. Waɗanda suka san gaskiya su ma suka yi, don kowacce tana da nata rabin da take ɓoyo. A gida kuwa na tarar da 'yar rabina tana jirana a zaure.

Ta ce, "Yaya, mi suka ce?"

Na ce, "Kuskure ne. Sun cakuɗa kwalabe. Ba abin da ke damunmu."

Ta ɗaga hannu sama tana hamdala, hawaye na zubo mata. A tunaninta tunda an wanke sunan, an wanke ta. Ranar Juma'a ta soya waina ta yi sadaka a gidan, ni ta fara kawo wa, da miyar taushe a ƙaramin kwano. Na cinye tas.

Na auri direban. Auren bai kai shekara biyu ba, mutumin banza ne mai hannu da sauri, na dawo ɗakina na Zawaciki da kwallayena. Duk tsawon lokacin 'yar rabina ce ta riƙe mini katin, ba ta yi fashi ko sau ɗaya ba. Ba zan ce abin bai taɓa faɗo mini a rai ba. Yakan faɗo, musamman in na bar jelar zare a gindin buhu. Sai in dube ta, ga ta da ƙibarta tana ɗaukar jarkar ruwa a kowane hannu, in ce wa kaina ai 'yan boko ba sa rasa abin tsorata mutane.

A shekara ta huɗu bayan gwajin, jini ya fara zubo mata. Farko ta ce al'adarta ce ta rikice. Ta je wajen malamar Islamiyya ta tambayi hukuncin salla da jinin ciwo, aka gaya mata. Mata suka ce sanyi ne, ta shiga zama cikin ruwan bagaruwa, ta sha jiƙe-jiƙe har ta gaji. Ni da kaina na kwatanta mata wata mai magani a Challawa. Sai wani ruwa ya biyo baya, mai wari. Ta riƙa tsuguno a kan turare safe da yamma, amma a ɗaki rufaffe mai zafin injina turare ba ya kai azahar. Mata suka fara jan bencinsu. Suka fara toshe hanci a kan takunkumi. A ranakuna nawa in na zauna, sai in ga tabo a bencin, an goge amma bai fita ba, wata kuma ta ce, "Wance, yau ke ce ko mai turaren ce?" a yi dariya. Maimakon in ji tausayi, haushi na ji. Na fi kowa yi mata ba'a. Ni na fara cewa da ma matar mai wankin fata ai dole ta yi gadon miji.

Akwai wata dattijuwa a layinmu, ta tare ni a bakin famfo muna alwala, ta rage murya ta ce, "'Yar nan, takardar nan ta shekarun baya fa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ki kai yarinyar nan asibiti." Na ce, "Iya, jikarki da take zuwa da katinki Talata da Laraba, ofis sun san da ita?" Ta kwashe takalmanta ta bar wurin. Ba wadda ta ƙara yi mini zancen.

Ranar da shugabar layi ta ce mini ofis sun fara tambayar me ke damun mai lamba kaza, ranar na karɓe katina. A tsakar gida na karɓa, gaban matan gida, na ce ba zan bari a sake ɓata mini suna ba, sau ɗaya ya isa. Ta kwance shi daga bakin zanenta ta miƙo mini da hannu biyu. Ta ce, "Na gode, Yaya, an ci arziki." Kafin sati ya zagayo na samu wata 'yar Ringim ta karɓi rabin.

Wata biyar bayan nan mijin tsohuwar 'yar rabina ya yi mini sallama da safe, ya durƙusa a ƙofar ɗakina. Ya ce ba ta iya miƙewa, ƙugunta da ƙafarta ɗaya sun riƙe, ni ce na san kan asibiti kuma na iya magana da ma'aikata, in taimaka in raka su. Ba yadda zan ƙi a gaban mutane. Muka sa ta a adaidaita sahu, mai adaidaitan ya ɗaure hanci da hankici. A wajen yankar kati aka tambayi sunanta, ta buɗe baki ta fara faɗin nawa, don shekara shida ba wasa ba ce. Na mintsine ta a cinya, da ƙarfi, a wannan halin da take ciki. Ta yi ƙara kaɗan, sannan ta faɗi nata.

Na yi ta addu'a kada mu faɗa hannun mai tabarau, kuma ba ita muka samu ba. Wata babbar likita ce mai furfura. Bayan gwaje-gwaje da zirga-zirga ta kusan sati biyu, ta zaunar da mu ta ce sankarar bakin mahaifa ce, kuma ta wuce mahaifar ta kama maƙwabta. Za a yi abin da za a iya na rage zafi da tsayar da jini. Sai ta tambaye ta ko an taɓa yi mata gwaji.

Ta ce, "An taɓa. An ce kuskure ne, lahiyata lau."

Likita ta ce, "Wa ya ce? Ina takardar?"

'Yar rabina ta juyo ta dube ni. Na dubi silin. Likita ta girgiza kai ta ce ciwon nan ba ya zuwa rana ɗaya, shekaru yake yi yana ba da dama, da a ce shekara huɗu ko biyar baya aka kama shi, da aikin rabin awa ne.

Muka kamo hanyar dawowa. Muka biyo ta Sharada daidai lokacin tashi, mata na fitowa daga get, ta bi su da kallo har muka wuce. Sai da na kwantar da ita a kan tabarma, mijin ya fita ɗebo ruwa, sannan ta ce, "Yaya, ranar da kika tahi asibiti, wa suka duba?"

Na ce, "Ni."

Ta ce, "To ni wa ya duba ni?"

Na tashi na ce na bar tukunya a wuta.

'Yan'uwanta suka zo daga Damagaram suka ce gara ta ƙarasa a gaban uwarta. Suka samu wata motar kaya a Bompai da za ta bi ta Maigatari, mai motar ya yarda ya biyo ta unguwa da hantsi. Aka shimfiɗa mata katifa a bayan motar tsakanin dilolin buhu, wataƙila ma har da waɗanda ta ɗinka. Kamar yadda aka saba, matan gida suka yi layi suna neman gafara. Kowacce ta leƙa ta ce, "Ki yafe mini," ita kuma ta ce, "Na yahe, ni ma ki yahe mini." Har wadda suka taɓa dambe a kan igiyar shanya ta yafe mata. Na bari sai ƙarshe. Na kama ƙarfen motar na ɗago, warin ya buge ni, ban kau da kai ba. Na ce, "Ƙanwata, ki yafe mini."

Ta daɗe tana kallona. Ta rame har haƙoranta sun yi mata yawa a baki. Ba ta rufe bakin da zane ba wannan karon.

Ta ce, "A'a, Yaya. Ki bari sai mun gamu can. Can ba a shiga da katin wani."

A gaban kowa ta faɗa. Matan gida suka yi ta salati, wata ta ce zafin ciwo ne, kada in sa a rai. Yayanta ya ja tamfol ya rufe, mota ta tashi.

Wata biyu da 'yan kwanaki mijin ya bugo wa mai gidan hayarmu waya ya ce ta cika, ranar wata Laraba. Laraba ranar aikina ce, ina kan keke. Takardar mai hatimi tana nan a ƙasan kwallata, cikin leda, ko gefenta bai yage ba. Takardar ta ce an duba ni, ba a sami komai ba.